Tagar Baba

Ranar Asabar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya fama da jama'a? Mu nan lafiya lau, sai zafi, wanda ka san halinsa ko da yake ka daɗe ba ka ɗanɗana shi ba. Baba jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Ɓarin hagun yana nan yadda ka bar shi bara, harshen ma bai saki ba.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta takarda alhali ga waya a hannu. Dalili shi ne a waya ba ka taɓa barina in kai ƙarshen magana ba. Da na ce "amma" sai ka ce ana jiranka a ofis. Takarda kuwa ko ka ajiye ta, tana nan har ka dawo.

Esin da ka saya wa Baba, wato injin sanyaya ɗaki, ya iso ranar Laraba. Mun gode, Allah ya ƙara buɗi, ya sa naka su yi maka fiye da haka. Mutum huɗu suka sauke shi daga mota, maƙwabta suka fito kallo sai ka ce wani babban baƙo muka yi. Mutumin da ka turo ya haɗa shi, wanda ya ce mu riƙa kiransa Injiniya, ya zo da tsani da jakar kayan aiki da kuma baki. Kafin ya taɓa ko ƙusa sai da ya yi mana lacca. Wai irin na taga ka zaɓa, ba mai rabe biyu ba, domin shi ne mai jure ƙura da wahala, kuma ƙarfin doki biyu gare shi. Wai ɗakin Baba doki ɗaya ma ya yi masa yawa, amma kai ka ce a ba da mafi girma a shagon. Baba da ya ji zancen dawaki sai ya yafito ni, ya tambaya ko a ina za mu riƙa samo musu ciyawa. Ka ga har yanzu tsokanarsa tana nan.

Ka tambaye ni faɗin ɗakin, ka tambayi tsawonsa, ka tambayi irin wayar wutar da ke ciki. Abu ɗaya ne ba ka tambaya ba, shi ne taga nawa ce a ɗakin. Ɗaya ce, Yaya, wadda ke kallon titi, wadda gadon Baba ke jikinta. Injiniya ya ɓalle ƙyaurenta, ya zura esin a ciki, ya toshe sauran gurbin da katako, ya bi gefe-gefe da soso ya liƙe. Ya ce ko iska kada ta shiga, ƙofa kuma kullum a rufe, in ba haka ba titi muke sanyayawa.

Ka tuna Direba, abokin Baba, wanda ya rasa ƙafafunsa a hatsarin babbar mota tun muna firamare? Shekara biyu ke nan tun da Baba ya kwanta, kullum bayan la'asar yana turo kekensa na hannu daga ƙarshen layi ya tsaya a gindin tagar nan. Keken ba ya shiga gidanmu, ka san matakala uku ce a ƙofa, ga lungun ƙunci da kwana. Yakan zo da rediyonsa su ji labarai, Direba ya zagi duk wanda aka ambata, Baba ya musa masa ko da gaskiya ya faɗa, har a kira magariba. Shi kaɗai ke gane maganar Baba sarai, don bakinsa yake kallo ba muryarsa yake saurare ba. Ni da nake ba shi abinci a baki ma rabi nake ji, rabi in cika da "to, Baba."

Ranar Larabar ya zo kamar yadda ya saba, ya tarar da gindin inji a inda fuskar abokinsa take. Iska mai zafi tana hura masa a ido, ruwa yana ɗiga masa a cinya. Ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa, na kashe esin, suka yi ta ɗaga murya ta bayan katako kamar masu rigimar gado, ba wanda ya ji wani. Direba ya yi kamar rabin awa ya juya.

Hoton da ka ce in ɗauka na turo maka, na kuma ga ka sa shi a zauren 'yan'uwa na waya, ana ta sa maka albarka. Ka cancanta. Ban ce ka yi laifi ba, na dai ce gara ka san abin da hoton bai ɗauko ba.

Ka gaishe da Anti, ka shafa mini kan yara. Baba ya ce a gode maka.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Lahadi

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fatan kowa lafiya a wajenku, kuma murar ƙaramin ta sake shi. Mu nan sai godiya.

Mako uku ke nan da zuwan baƙon naka, bari in ba ka labarin zaman da muke yi da shi. Wuta dai ka san ba tamu ba ce, sai sun ga dama. In sun kawo da ƙarfi, cikin minti goma ɗakin ya zama kamar cikin firiji, har sai na lulluɓe Baba da bargo biyu, ƙafarsa mai ciwon ta yi sanyi ƙalau kamar ba a jikinsa take ba. In sun kawo rabi, esin ya yi ta gurnani yana shaƙewa, sai in ruga in kashe kada ya ƙone a ce Auta ce. In sun ɗauke kuwa, nan ne ake yin ta. Da can ko babu wuta taga tana buɗe, iska ko mai zafi ce tana wucewa. Yanzu ɗakin akwati ne. Sai in buɗe ƙofa in zauna da mafici, ina yi masa fifita ina kallon doki biyu suna barci a taga.

Ƙura kuma ba ta san an liƙe da soso ba. Ragar da ke gaban esin duk kwana uku sai na zare ta na wanke, ruwan ya fito ja wur. Ran da na yi kwana shida ban wanke ba saboda jarrabawar ɗalibai, ƙanƙara ta kama shi ta ciki, ya daina sanyi, ya koma tofa ruwa a kan filon Baba. Injiniya ya zo ya duba, ya ce rashin kula ne. Baba kuwa, ka san tsohon mai gyaran rediyo ba ya rasa kunne, tun kwana biyu kafin nan ya gaya mini fankar ta canza murya, ni ce ban gane abin da yake cewa ba.

Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Wahala ce, kuma na saba da ita.

Baba ya rage cin abinci. Da can in na kawo kwano sai ya ce in yi sauri kafin mutumin nan ya zo ya same shi da cokali a baki ya yi masa dariya. Yanzu cokali uku ya kau da kai. Yini yake yana kallon silin. Ba ya sanin safiya daga yamma sai na gaya masa, ɗakin kullum ƙwan fitila ne ko duhu. Abu ɗaya ne bai manta ba: da ya ji kiran la'asar sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna esin, in kashe. Direba ya ƙwanƙwasa sau uku daga waje, Baba ya amsa da bayan cokali a jikin ƙarfen gado sau uku. Hirar mutum biyu da suka shekara arba'in suna musu ke nan ta koma.

Kada ka ce ban yi dabara ba. Na haɗa su a waya, Direba ya ce ba ya jin komai sai kamar ana zuba ruwa a tulu. Na roƙi mai facin taya na tsallaken titi ya taya ni muka cicciɓo Baba zuwa ƙofar gida. A kwanar lungun kafaɗarsa ta bugu, ya kwana biyu yana nishi, likita ya wanke ni tas ya ce kada a sake.

Injiniya ya ce ana iya fasa bango daga sama a mayar da esin can, a buɗe tagar. Aikin kwana biyu ne. Na gaya wa Baba ina murna, sai ya girgiza kai. Na matsa masa, ya yi ta kokawa da harshensa har na ji abin da ya ce:

"Kayan yaro ne. Kada a taɓa sai ya ce."

Yaron nan kai ne, Yaya, da furfurarka. Gani yake in aka motsa abin da ka sa, kamar an mayar maka da kyautarka ne, kuma gara ya ruɓe a duhu da a ce ya kunyata ka. Ba kuɗi nake nema ba, albashina ya isa birkila. Kalma ɗaya nake roƙo, ka kira shi ka ce masa da bakinka a buɗe tagar.

Allah ya bar zumunci. A gaida mutanen gida.

Taka,
Auta

Ranar Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ba zan tsawaita ba, don raina a ɓace yake, kuma ka san bakina in raina ya ɓaci.

Janareta ya iso. Na roƙi kalma, ka aiko inji. Da ka kira kuma ba Baba ka nema ba, ni ka nema, ka ce likitan wajen aikinku ya ce zafi shi ne babban abokin gabar mai hawan jini, ka ce bangon tsoho ne kada wani birkila ya rusa mana gida, a jira ka zo ƙarshen wata ka gani da idonka. Ka ce mu ba mu san darajar abu ba. Na buɗe baki in amsa, aka fara jiranka a ofis. Ƙarshen watan naka kuwa na san shi, tun rasuwar Inna bara yake tafe bai iso ba.

Yanzu sanyi ba ya yankewa, ka huta. Janaretan yana tsakar gida yana girgiza kwanuka, esin yana taga yana amsa masa. Ko an ƙwanƙwasa katako da guduma ba mai ji, sai an kashe duka biyun.

Kuma kwana biyar ba a ƙwanƙwasa ba. Baba ya sa na kashe komai, ya riƙe cokalinsa, gumi yana tsatstsafo masa, har magariba shiru. Jiya da na taso daga makaranta na biya ta gidan Direba. Yana kwance, ƙirji ne, numfashi da ƙyar. 'Yarsa ta ce ya hana a gaya mana don kada a tayar wa Baba hankali. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya ce in gaya wa wancan tsohon ya ji daɗinsa, ya shige firiji ya bar talakawa a rana. Sai kuma ya daina dariya ya tambaye ni yaushe za a buɗe tagar, don yana so ko a kan keken ne a tura shi ya gan shi. Na ce masa jibi. Ƙarya na yi masa, Yaya, kuma saboda kai na yi ta.

Baba na ce masa Direba mura yake yi. Ka ga ƙarya biyu ke nan a yini ɗaya.

Ka kira shi. Minti ɗaya ya isa.

Auta

Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da yara, da fatan Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Ka yi haƙuri da rashin ɗaukar wayarka kwana biyun nan. Ina ganin kiran, ba na son in yi magana ne a katse ni.

Direba ya rasu ranar Litinin da hantsi, kwana shida bayan takardata ta ƙarshe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da azahar aka wuce da shi ta ƙofar gidanmu, don ita ce hanyar maƙabarta. Jama'a sun cika titi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo, a bayana kuma janareta da esi suna ta aikinsu. Tsakanin makarar da kan Baba bai fi taku biyar ba, yana kwance cikin bargo yana kallon silin. Ban shiga na gaya masa ba. Na ce a raina sai ya ci abinci, da ya ci na ce sai gobe.

Ranar Laraba ka kira shi. Na riƙe masa wayar a kunne, ina jin muryarka kana cewa tunda Auta ta matsa, to a cire. Da ma ka ga fuskarsa! Tun da ya kwanta ban ga ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga haka ba.

Kafin in ci gaba, akwai abin da na ɓoye maka tun takardar farko. Ran da aka kawo esin, Injiniya ya tambaye ni, ni Auta, ko a fasa bango ko a sa a taga. Ya ce fasa bango kwana biyu ne, da ƙura, da kwashe kaya, da mayar da Baba ɗakina. Ina da takardun jarrabawa na aji uku a kan tabarma, na gaji, na ce a sa a taga mu huta. Ban tuna da Direba ba sai da na ji sandarsa a jikin katako. Bayan haka ma, ba zan yi maka ƙarya ba, a ɗakin nake zama in yi makin takarduna, kuma sanyin yana yi mini daɗi. Da na so, da tun makon farko na kira birkila na ce wa Baba kai ka yarda, tunda ga shi ƙarya ba ta yi mini wuya ba daga baya. Na zauna ina rubuta maka takardu masu zafi don in samu wanda zan ɗora wa. Kai ka ƙi ji, ni na ƙi motsi. Ban yafe maka ba tukuna, kaina ma ban yafe wa ba.

Ranar Alhamis da safe Injiniya ya zo ya zare esin ya ajiye a tsakar gida, ya ɓamɓare katakon. Haske ya shigo ɗakin, da ƙura, da ƙarar babura. Baba ya yi ta lumshe ido yana buɗewa. Ya sa na kira wanzami ya gyara masa gemu, ya sa na ciro masa farar rigarsa ta ƙasan akwati, ya cinye abincinsa tas. Tun azahar ya ce in tayar da shi in jingina shi da filo uku, fuskarsa tana kallon ƙarshen layi. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sau uku ina tambayarsa ko zai sha ruwa.

Aka yi la'asar. Yana ta kallon hanya. Duk abin da ya ɓullo daga kwana sai ya miƙa wuya. Can sai mai faci ya hango taga a buɗe, ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya tsallako da fara'arsa yana goge hannu a wando. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi masa ya jiki, sannan ya sassauta murya ya ce ashe kuma sai haƙuri, Allah ya jiƙan Direba, ya ba mu haƙurin rashinsa. Bawan Allah bai san komai ba, ya ɗauka tun ranar aka gaya masa.

Baba bai kalle shi ba, ni ya kalla. Na shekara biyu ina cika maganarsa da "to, Baba," amma ranar ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba.

"Yaushe?"

Na ce Litinin.

"Ta ina aka bi da shi?"

Na ce ta nan, Baba.

Ya dubi ƙasan tagar, inda tayoyin keken suka shekara biyu suna cin ƙasa har wurin ya yi kwari. Bai yi kuka ba, ni ce na yi. Mai faci ya sulale ya koma bakin aikinsa. Muka zauna haka har aka kira magariba, sannan ya ɗaga hannunsa ya nuna tsakar gida inda esin yake.

"A mayar."

Na ce Baba a bari a fasa bangon, ka samu iska, ka riƙa ganin mutane. Ya rufe ido ya juya kansa. Na sake gwadawa da safe, ya maimaita kalmar nan, ya ƙi karɓar ko ruwa sai da na kira Injiniya.

Jiya Juma'a aka mayar da shi, aka buga katako, aka bi da soso. Injiniya yana ta mita wai mu yanke shawara ɗaya, cirewa da mayarwa yana lalata inji. Na wanke ragar, na zuba wa janareta mai. La'asar ta yi jiya, ta yi yau, Baba bai ɗaga hannu ya ce a kashe ba.

Don haka ba sai ka wahalar da kanka da zuwa ƙarshen wata saboda bango ba. In 'yan'uwa sun tambaye ka, ka ce musu Baba ya saba da esi, yanzu shi da kansa yake cewa a bar masa shi a kunne.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Ƙanwarka,
Auta